Gadon Kaya na Katako: Yadda Mai Haɗa Shi da Mai Ɗaukarsa Za Su Tsira da Lafiyarsu

Duk wanda ya ƙetare Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya ratsa Kakuri da Makera da Nasarawa har zuwa Kudenda, ya shiga yankin da aka daɗe ana kira cibiyar masana'antun Arewa. A Kakuri ne masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, sannan aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 can gaba a ƙasar Chikun. Masaƙun sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya tun daga farkon shekarun 2000, amma hada-hadar kaya ba ta tsaya ba. A watan Janairu na 2018 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, domin kwantenonin da suka taso daga bakin teku su sami masauki a Arewa.

A kowane sito da kowace harabar masana'anta ta wannan yanki akwai wani abu da ido ba ya tsayawa a kansa, wato gadon katako da ake ɗora kaya a bisansa domin motar ɗaga kaya mai yatsu biyu ta zura yatsunta a ƙarƙashi ta ɗauka. Ma'aikata suna kiran ƙaramin nau'insa falet. Babban nau'in kuwa, wanda Turawa ke kira sikid, ana gina shi ne a kan ginshiƙai biyu ko uku masu kauri, ba shi da shimfiɗar ƙasa, kuma a kansa ake ɗaure janareta da injuna da manyan ganguna. Kafintoci ne ke haɗa shi, leburori ke jansa da juya shi da jera shi, kuma da yawa daga cikinsu samari ne da suka gama sakandare ko suke neman na kashewa a lokacin hutu.

Raunukan da wannan aiki ke jawowa ba a ɓoye suke ba. Kusan kowannensu yana da bayani a cikin darussan kimiyyar halittu da na fiziks da ake koyarwa a aji, domin jikin ɗan'adam yana da iyakar da aka riga aka auna, shi kuma katako asalinsa halitta ne mai ɗauke da ruwa da sinadarai da ƙwari. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu zai iya hango haɗari tun kafin ya auku.

Nawa Ne Nauyinsa?

Kuskuren farko shi ne auna nauyi da ido. Falet irin na Turai, wanda aka daidaita girmansa a 1961 a kan santimita 120 da santimita 80, nauyinsa bai wuce kilo 25 ba. Babban gadon injin kuwa wani abu ne daban. A ɗauki misalin wanda tsawonsa mita 2 ne, faɗinsa mita 1.2, da ginshiƙai uku masu kaurin santimita 10 ta kowace fuska, da shimfiɗar sama mai kaurin santimita 5. Idan aka lissafa, katakon da ke jikinsa ya kai mita kubik 0.18. Busasshen katakon obece yana da nauyin kimanin kilo 380 a kowace mita kubik, saboda haka gadon zai kai kilo 68. Idan kuwa da iroko aka yi shi, wanda Hausawa ke kira loko, mai nauyin kimanin kilo 650 a mita kubik, gadon zai kai kilo 117. Girma ɗaya, siffa ɗaya, amma bambancin ya kusa buhun siminti guda.

Akwai kuma batun ruwa. Jikin itace cike yake da ƙananan bututu waɗanda ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye, kuma bayan an sare shi ruwan ba ya fita nan take. A wasu itatuwa, irin su malaina, ruwan da ke cikin ɗanyen katako yakan kai nauyin katakon kansa, ko ma ya zarce. Gadon da aka bari a fili ruwan Agusta ya jiƙa shi ya fi wanda ya sha hunturu nauyi ƙwarai, kuma ya fi santsi a hannu. Saboda haka kafintan da ya san aikinsa yakan rubuta nauyin gadon a gefensa da fenti, domin wanda zai ɗauka gobe ya san abin da zai tunkara.

Ƙashin Baya da Ƙa'idar Sikeli

Ƙashin bayan mutum jerin ƙasusuwa 33 ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 kuma sun haɗe da juna a can ƙasa. Tsakanin waɗanda ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi guda 23, kowanne da zobe mai tauri a waje da wani abu mai laushi kamar kamu a tsakiya. Su ne matashin da ke hana ƙashi gugar ƙashi. Ta bayansu laka ta bi, jijiyoyi kuma suna fita daga gare ta ta ƙananan kafofi zuwa sassan jiki.

Lokacin da mutum ya sunkuya zai ɗauki kaya, ƙugunsa yana aiki ne kamar tsakiyar sikeli mai hannu biyu. A hannu ɗaya akwai kayan da nauyin gangar jikinsa, a ɗaya hannun kuma akwai tsokokin baya da ke ja domin kada ya kifa. Matsalar ita ce hannun tsoka gajere ne, bai wuce santimita 5 daga tsakiyar faifan ba. Idan aka riƙe kaya mai kilo 25 a nisan santimita 50 daga ƙugu, hannun kayan ya ninka na tsoka sau goma, don haka dole tsoka ta ja da ƙarfin da ya yi daidai da kilo 250. Gangar jikin mutum mai kilo 70, daga ƙugu zuwa sama, ta kai kimanin kilo 35. Idan ya sunkuya har tsakiyar nauyinta ya matsa gaba da santimita 25, an ƙara wa tsoka aikin kilo 175. Jimilla ta haura kilo 400, kuma duk wannan ƙarfi a kan faifan da bai fi tafin hannun yaro faɗi ba yake sauka.

Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ɗauki nuton 3,400, wato kimanin kilo 350, a matsayin matsin da bai kamata faifan ƙugu ya riƙa zarcewa ba. A ƙa'idar ɗaukar kaya da ta sabunta a 1991, ta sa kilo 23 a matsayin iyaka ga mutum ɗaya, shi ma sai idan kayan na kusa da jiki, akwai wurin riƙo mai kyau, kuma ba a murɗa jiki ba. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, ta kuma ce na mata da matasa ya yi ƙasa da haka sosai.

Yanzu a sake lissafin. Idan mutumin nan ya durƙusa da gwiwoyinsa, ya jawo kayan zuwa santimita 25, ya bar bayansa kusan a miƙe yadda gangar jiki ba ta wuce santimita 10 gaba ba, aikin tsoka zai sauko zuwa kilo 125 da kilo 70, wato ƙasa da kilo 200. Kayan bai sauya ba, amma matsin ya ragu da fiye da rabi.

Abin da ya sa wannan lissafi ke da muhimmanci shi ne faifan guringuntsi na baligi kusan ba shi da jijiyoyin jini. Ta hanyar tsatsafowa daga ƙasusuwan da ke maƙwabtaka da shi yake samun abinci. Don haka ƙananan tsagewar da yake samu ba sa warkewa da sauri, taruwa suke yi shekara da shekaru. Ranar da zoben ya yage, abin da ke tsakiya ya bulluƙo ya danne jijiya, sai ciwo ya sauko daga ɗuwawu ya bi cinya har zuwa tafin ƙafa. Mafi yawan irin wannan bulluƙowa a faya-fayai biyu na ƙarshen ƙugu take faruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Yunƙurin ɗaukar nauyi kuma yana ƙara matsi a cikin ciki, abin da kan fito da ƙaba ga wanda bangon cikinsa ke da rauni a matsematsi.

Dokokin da suka fito daga wannan bayani kaɗan ne. Gadon da ya wuce kilo 25 aikin mutum biyu ne, wanda ya kai kilo 100 kuwa aikin inji ne ko amalanke ko bututun ƙarfe da za a gangara shi a kai. Idan mutane da yawa za su ɗaga tare, mutum ɗaya ne zai ba da umurni, a ɗaga tare a sauke tare, domin idan ɗaya ya saki, rabonsa kan sauran yake faɗawa ba shiri. Mai son juyawa da kaya a hannu ya juya da ƙafafunsa, kada ya murɗa ƙugu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya tsananta a Kaduna, a tura aiki mai nauyi zuwa safiya, a kuma yawaita shan ruwa, domin tsokar da ta gaji ba ta tsare gaɓa.

Hannu, Ƙafa da Ido

Kowane hannu yana da ƙasusuwa 27, kowace ƙafa 26, kuma yawancinsu ƙanana ne. Gadon da aka jingina a tsaye a jikin bango yana da tushe siriri da tsakiyar nauyi a sama, don haka iska ko ɗan taɓi ya isa ya kifar da shi. A kwance ake ajiye shi, a daɓe mai daidai, manya a ƙasa ƙanana a sama, kuma ba a zaro na tsakiya. Ba a sa yatsu a ƙarƙashinsa lokacin saukewa. Ana fara ajiye guntun katako ya tare shi, a zare hannu, sannan a cire guntun da ƙarfe. Takalmin aiki mai ƙarfe a hanci ana gwada shi ne da bugun jul 200, kwatankwacin kilo 20 da ya faɗo daga tsayin mita ɗaya. Silifas ba ya kare komai.

Wajen haɗawa kuwa, a ɗora aikin bisa jakin katako daidai ƙugu maimakon a yini a sunkuye. Ƙusar da ta goce daga guduma ko ɓarɓashin kullin katako na iya tsiyayar da ido a ƙiftawa ɗaya, alhali tabaran kariya ba su da tsada. Safar hannu tana da amfani wajen ɗaukar katako saboda sartse, amma a cire ta a gaban zarton inji, domin haƙoran zarto na iya kama zaren su jawo hannun gaba ɗaya. Ba a cire murfin zarto, kuma da sanda ake tura ƙarshen katako. Katakon da ke da babban kulli ko tsaga ko ramukan gara kada a sa shi a ginshiƙi, domin idan ya karye a ƙarƙashin injin, wanda ke tsaye kusa ne zai biya kuɗin arahar.

Tsohuwar Ƙusa da Cutar Sarƙe-haƙora

Falet guda irin na Turai yana ɗauke da ƙusoshi 78. Idan ya tsufa aka ɓamɓare shi, kowane katakon da aka yar da ƙusa a tsaye tarko ne. Mutane da yawa sun ɗauka tsatsa ce ke kawo cutar tetanos, wadda ake kira sarƙe-haƙora. Ba haka ba ne. Mai kawo ta wata ƙwayar bakteriya ce, Clostridium tetani, wadda Arthur Nicolaier ya gano alaƙarta da ƙasa a 1884 a Jamus, Kitasato Shibasaburo ɗan Japan kuma ya ware ta a 1889. Ƙwayar tana lulluɓe kanta da ɓawo mai tauri ta zauna shekaru a cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ba ta iya yaɗuwa inda akwai iskar oksijin, saboda haka rami mai zurfi da ƙaramin baki, irin wanda ƙusa ke yi a tafin ƙafa, shi ne mazaunin da ya fi dacewa da ita. Sabuwar ƙusa mai sheƙi da ta kwana a ƙasa za ta iya kai ta ciki kamar yadda mai tsatsa za ta yi.

A cikin raunin ƙwayar tana fitar da dafi wanda ke bin jijiya har zuwa laka, ya toshe saƙon da ke umurtar tsoka ta saki. Bayan kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙage, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe, har numfashi ya gagara. Wanda ƙusa ta soke shi ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, ya tafi asibiti a ranar, ya faɗi lokacin da ya yi allurar rigakafi ta ƙarshe. Zuba man birki ko baƙin mai ko toka ƙara kashe naman wurin yake yi, mataccen nama kuwa shi ƙwayar ke so. Ana shawartar baligi ya sabunta allurar duk bayan shekara 10. Kafin duk wannan, a cire ƙusa ko a lanƙwasa ta tun kafin katakon ya taɓa ƙasa.

Ƙura da Ƙara

Bishiya ba ta iya gudu, don haka da sinadarai take kare kanta daga gara da fumfuna. Waɗannan sinadarai suna nan a cikin garin katako. Ƙurar iroko tana sa ƙaiƙayi da kumburin fata, ita da ta obece kuma an tabbatar suna haddasa asma ga masu aiki da su. A shekarun 1960 likitoci a Ingila suka lura da yawaitar wani nau'in sankarar hanci a tsakanin masu ƙera kujeru na garin High Wycombe, kuma a 1995 Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke Faransa ta sanya ƙurar katako a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan'adam. Cutar takan ɗauki shekaru da dama kafin ta bayyana. Hanci da maƙogwaro suna da majina da ƙananan gasu masu share ƙura, amma ƙura mai laushi da yawa takan fi ƙarfinsu, musamman a hunturu da hancin ya riga ya bushe. A yi yanka da guga a inda iska ke ratsawa, a yayyafa ruwa kafin shara, a sa takunkumin da aka yi domin ƙura. Hankici yana tare manyan ɓarɓashi ne kawai.

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa, da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000 waɗanda ke mayar da sauti saƙon jijiya. Wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Iyakar da masana suka shata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Zarton inji yakan kai desibel 100, inda lokacin da aka yarda da shi bai wuce minti 15 ba. Idan mutum biyu da ke tsaye kusa da juna sai sun ɗaga murya kafin su ji juna, ƙarar ta kai a toshe kunne.

Hatimin da Ke Gefen Katako

A jikin gadajen da suka zo cikin kwantena akan ga hatimi mai alamar zangarniya da wasu haruffa. Asalinsa shi ne ƙwarin da ke ɓuya a cikin katako suna ƙetare teku. A 1996 aka gano wani buzuzu mai dogon ƙaho ɗan asalin Asiya yana kashe itatuwa a birnin New York, kuma an danganta shigarsa da katakon ɗaure kaya. A 2002 ƙasashen duniya suka amince da ƙa'idar da ake kira ISPM 15. Haruffan HT na nufin an gasa katakon har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30. Haruffan MB kuwa na nufin an turara shi da iskar metil buromaid, guba ce da ke kuma lalata rufin ozon. Katakon da ya yi kore-kore wataƙila an jiƙa shi da maganin gara mai ɗauke da sinadarin arsenik, kuma hayaƙinsa da tokarsa guba ne. Irin wannan, da duk wanda sinadarin masana'anta ya zuba a kansa, bai dace da murhu ko tukubar tsire ko gidan burodi ko teburin abinci ba.

Tarin gadajen da ya daɗe a waje kuma mafaka ce ga kunama da ɓera, inda ɓera yake kuwa maciji na zuwa. A bubbuga tarin da sanda kafin a zura hannu. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti.

Haƙƙin da Doka Ta Ɗora

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya killace sassan injuna masu haɗari, ya kawar da ƙura mai cutarwa, ya ba da kayan kariya, ya ajiye akwatin taimakon gaggawa, ya kuma kai rahoton haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku. Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar ma'aikata su zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF domin biyan wanda ya ji rauni. Sai dai ɗan dakon da ake sallama kullum da yaron kafinta da ke koyon sana'a galibi ba su cikin kowane rajista. Idan ƙugunsu ya lalace suna da shekara ashirin da 'yan kai, su da iyayensu ne za su ɗauki asarar.

Kammalawa

Makarantun sakandare na Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha suna cike da ɗaliban da iyayensu ko yayyensu ke wannan aiki, wasunsu ma za su shige shi nan gaba kaɗan. Malami zai iya tabbatar musu da abin da aka bayyana ba tare da ɗakin gwaji ba. Ɗalibi ya riƙe galan mai lita 4 na ruwa a ƙirjinsa, sannan ya miƙe hannuwansa da shi, a auna da agogo tsawon lokacin da zai jure a kowane hali. A kuma yanko guntun ɗanyen itace a auna shi, a ajiye a inuwa, a riƙa sake aunawa duk mako har nauyinsa ya daina raguwa, a lissafa ruwan da ya fita. Daga nan ajin ya auna wani gadon kaya na gaske da tef, ya lissafa nauyinsa, ya yanke hukuncin mutum nawa ya kamata su ɗauke shi. Ɗalibin da ya yi wannan lissafi da hannunsa zai iya maimaita shi a gida ga wanda zai sunkuya gaban kilo 117 gobe da safe.